Kafin ka zargi ɗan aike, duba takardar da ka ba shi

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman 'yan sashen kwamfuta masu shirin furojet. Rubutun da ɗan tsawo, amma ku daure.

Bana kusan kowa so yake ya haɗa manhajar AI mai aiki da kanta, wadda za ta duba jadawalin lakca, ta tura saƙo, har ta biya kuɗi. Ni dai ɗan aike nake ce mata. Binciken mastas ɗina a nan Ibadan a kan wani ɓangare nata ne da mutane ke rainawa, wato 'yan layukan da ake rubutawa don a gaya wa ɗan aiken abin da kowane kayan aiki yake yi.

Tun da OpenAI ta ba AI damar kiran wasu manhajoji a watan Yunin 2023, Anthropic kuma ta fito da MCP a Nuwamban 2024, tsarin kusan ɗaya ne. AI ɗin ba ya ganin abin da ke cikin kayan aikin. Suna yake gani, da bayani, da guraben da zai cike, shi ke nan. Kamar ka aiki baƙon yaro Kasuwar Bodija da takarda ne. Abin da ka rubuta shi ne iyakar saninsa.

Tambayoyi huɗu nake yi wa kowane bayani.

Na farko: ya faɗi aikinsa da lokacin da bai kamata a taɓa shi ba? In kana da “nemo ɗalibi” da “nemo bayanin ɗalibi” ba ka bambanta su ba, canki-canka ɗan aiken zai yi.

Na biyu: ya faɗi ma'auni? Paystack da kobo take karɓar adadin kuɗi, kuma ta rubuta haka a fili. Naira 5,000 sai ka sa 500000. In ka naɗe tsarinsu a cikin naka kayan aikin ba ka ambaci kobo ba, ɗan aiken na iya sa 5000, naira 50 ke nan. Haka kwanan wata: 03/04 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris.

Na uku: ya faɗi abin da zai dawo idan aka samu matsala? In “an samu kuskure” kawai ake dawo masa da shi, zai iya sake gwadawa, alhali kuɗin sun riga sun fita. Biya biyu ke nan fa.

Na huɗu: ya nuna ko abin yana warwaruwa? Karanta sakamako daban, goge rajista daban. A nan ma nake duba amana, don a Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin, AI ya karanta ya bi, mai waya bai gani ba. In ka ɗauko kayan aikin wani daga intanet, karanta bayaninsa kaf.

To wa ya ce makin da na bayar daidai ne? Wannan tambayar kam sai mai jarrabawa ya yi maka ita ranar kare aiki. Shi ya sa mu biyu muke ba da maki, kowa shi kaɗai, sannan mu auna yawan haɗuwarmu da ma'aunin kappa da Jacob Cohen ya kawo a 1960, wanda ke cire haɗuwar da ta zo bisa dace. Bayan nan sai gwaji: a ba ɗan aiken buƙatu iri ɗaya da tsohon bayani da gyararre, a ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan da ya dace. Na sha ganin bayani mai daɗin karatu ya faɗi a nan.

Inda abin ya shafe mu shi ne harshe. A ɗakin bincikenmu da Turanci ake gwada komai, wani lokacin da Yarbanci. Mutumin Funtuwa kuwa cewa zai yi “tura masa jaka biyar gata bayan la'asar”. Jaka a bakin dattawanmu naira 200 ce, a Nijar sefa 1,000. Bayani mai kyau zai ce in adadi ko lokaci bai fito sarai ba, a tambayi mai shi kafin a taɓa kuɗinsa. Iyayenmu da ba sa karanta rasit na Turanci su ne za su yi asara in muka bar wannan gurbin, kuma wallahi ba na jin wani zai gwada mana in ba mu gwada ba.

Don Allah ku turo mini yadda ake faɗin irin waɗannan buƙatun a gidajenku, Sakkwatanci ne ko Kananci ko Hausar Jos, ba tare da gyarawa ba. Da su zan yi gwajin wannan zangon.

Allah ya ba mu sa'a, ya mai da mu gida lafiya.