Ƙaramar tasha a cikin taksi

Duk wanda ke shiga taksi tsakanin Wadata da Harobanda ya san ɗan abin nan da direbobi ke cusawa a ramin kunna taba, mai ɗan allo yana nuna lamba. A saka mashi kart memuwar ko kile USB, ko a haɗa shi da salula ta Bluetooth, sai waƙar Tal National ko ta Hamisu Breaker ta cika mota. Mu ma'aikatan rediyo, abin nan abokin sana'armu ne, kuma kishiyarmu ne.

Shi fa tashar FM ce sukutum, sai dai muryarta ba ta wuce 'yan mitoci. Yana karɓar sauti daga waya, ya watsa shi bisa zangon da aka zaɓa, rediyon mota ya kama. Shi ya sa tsohuwar Starlet da ba ta da ramin AUX take iya kiɗa kamar sabuwar mota.

Masu saurare kan tambaye mu: me ya sa yake shashasha? Amsar ita ce cunkoso. Zangon FM daga 87,5 ne zuwa 108. Tun da R et M ta buɗe ƙofar tashoshi masu zaman kansu a 1994, aka samu Anfani, Ténéré, Saraounia, Bonferey da sauransu, ga kuma Voix du Sahel. In ka ɗora ɗan na'urarka kusa da ɗaya daga cikinsu, babbar za ta danne ta. Sai ka cire shi tukuna, ka nemi wurin da ba kowa sai iska, galibi can bakin zangon, sannan ka daidaita lambobin biyu. Kar ka ƙure ƙarar waya, sautin fashewa yake. Motar da aka ƙera don kasuwar Japon kuwa, rediyonta kan tsaya a 90, sai a zaɓi lamba ƙasa da haka. Kuma a zare shi da dare, don a wasu motocin yana shan batir ko an kashe inji.

To amma ga abin da ke damunmu. A da, taksi zauren jin labari ne. Mutum huɗu da ba su san juna ba, su ji sanarwar rasuwa tare, wani ya ce a sauke shi ya tafi jana'iza. A damanar 2020, lokacin da kogin Isa ya fasa madatsa ya shiga unguwannin bakin ruwa, da yawa ta rediyo suka san inda ruwa ya kai. Kart memuwar ba ta san ruwa ya taso ba. Abin da aka zuba mata bara shi za ta maimaita bana.

Ba mu ce a yar da shi ba. Mutumin da ke wuni bisa sitiyari cikin zafin watan huɗu yana da hakkin jin waƙa ko wa'azin da ransa ke so. Roƙonmu ɗaya ne, malam direba: in lokacin labarai ya yi, murɗa ka koma tasha, ko wacce ce, ko da ba tamu ba. Minti goma ne kawai. Neman waƙa kuma a bari sai an tsaya, rayukan mutane ne a bayanka.

Ku fa, a motarku me ake ji? Allah ya kai mu gida lafiya.