Musu Ba Da Ɗaga Murya Ba

A Trans-Amadi na koyi Hausa, wurin mahauta da masu shayi na Fatakwal. A can, wanda ya fi shekaru ko murya shi ne da gaskiya. Da zarar dattijo ya jefo karin magana, an rufe zance.

To, bana sai na shiga Kialo, dandalin muhawara na intanet da aka buɗe a 2017. Tsarinsa kamar bishiya yake: a kafa batu a sama, hujjojin goyon baya su sauko da launin kore, na suka da ja, kowace hujja kuma ta yi nata rassan. Na kafa tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato shin wanda bai tashi da Hausa ba zai iya koyar da ita?

Wani ɗan ajinmu ya rubuta wai harshe a nono ake shan sa. Da a teburin mai shayi ne, da na yi shiru, don ya girme ni. A nan kuwa na rataya masa jan reshe: Bargery Bature ne, amma ƙamusunsa na 1934 muke buɗawa mu duka. Kwana tara ke nan ina jiran nasa reshen.