Fumfuna A Idon Kyamara

Masu bibiyar wannan shafi sun san ba na raga wa masu ɗaukar hoto. Da na ga fim ya yi hazo-hazo, sai in zaro alƙalami in ce wane bai san aikinsa ba. To jama'a, yau ƙarar kaina na kawo.

A watan Satumba na 2022 Kogin Haɗejiya ya yi ambaliya, ya cinye gonaki a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma. Mu a cikin gari kwana ake yi ana ɗura ƙasa a buhu don tare ruwa. Sai na ari kyamarar yayana, wata Canon da yake ɗaukar biki da ita, wadda da ita yake ci da gidansa. Kwana uku ina yawo a kwalekwale ina ɗaukar ɓarnar.

Wallahi ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Wajen ajiya na yi kuskure. Mu da muka koyi aiki a lokeshin ɗin Kano, abokin gaba ɗaya aka nuna mana, wato ƙura. Don haka na naɗe ta a tawul, na ƙulle a leda, na cusa a akwati, a ɗakin da bangonsa ya sha ruwa. Ambaliya ta tsayar da bukukuwa, babu wanda ya neme ta sai da kaka ta yi.

Ranar da Yaya ya zaro ta, ya ɗaga gilashin ya duba a rana, sai ya yi shiru. Can ya ce, "Ƙanena, zo ka gani." Wasu fararen zare ne kamar saƙar gizo-gizo, kuma daga ciki suke, inda tsumma ba ya kaiwa. Da ma faɗa ya yi mani, da ya fi mani sauƙi.

Wani dattijo mai gyara a Kano shi ya warware mani. Ashe fumfuna ce, 'yar'uwar wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Ƙwayoyinta suna cikin iska ko'ina, jira kawai suke su sami duhu da ɗumi da laimar da ta haura kashi 70 cikin ɗari. Ni kuwa duk na haɗa masu a leda ɗaya. Mafi muni, tana fitar da wani sinadari mai cin rufin gilashin, ko an wanke tabon na nan. Ya ce, "Yaro, kyamarar da ake fita da ita tana shan iska da haske ba kasafai take yin wannan ba. Ta ajiya ce ke ruɓewa."

Dabarar da ya ba ni ba ta da tsada: robar abinci mai murfi da ke kamewa, a zuba 'yan ƙunshin silika irin na kwalin takalmi, a riƙa busar da su in sun sha laima. Jakar kyamara ta tafiya ce, ba ta ajiya ba. Gilashin da ya kamu kuma a raba shi da sauran.

An wanke namu, amma har yau in haske ya bugo ta gaba, fuskar amarya sai ta yi fari-fari. Wata bakwai na yi ina biyan Yaya kuɗin wani gilashin. Wancan yana kan teburina, kusa da inda nake rubuta sharhi.