Ka karanta bayan na'ura kafin ka jona waya

A falonmu akwai wata tsohuwar hom-tiyata da Baba ya saya tun ina firamare. Irin wadda ake kira 5.1 ce, wato ƙananan lasifikoki biyar da babba guda mai fitar da ƙara mai kauri. Wayoyinta sun bi bango sun shiga ƙarƙashin kafet, kullum Umma na faɗa idan ta zo shara. A hankali lasifikokin suka riƙa mutuwa, har aka kashe injin aka rufe shi da ƙyalle. Baba ya ce kuɗin makarantarmu ne a gaba, babu zancen sabuwa.

Abin da ya dame ni shi ne Kaka. Jinta ya ragu, muryar talabijin kuwa ko fanka tana danne ta. Sai ta daina fitowa sauraron tafsiri da labarai tare da mu, ta koma ɗakinta.

Na tuna Yaya ya bar lasifikokinsa biyu na kwamfuta a kwali lokacin da ya tafi hidimar ƙasa. Ban tambaye shi ba. Na ɗauko su, na yanke kan wata waya, na cusa bakinta a bayan tsohon injin inda ƙananan lasifikokin suke shiga, na jona ɗaya kan a bayan ta Yaya. Ina kunna wuta sai wata mummunar ƙara ta tashi, ga warin ƙuna. Na fizge soket jikina yana rawa.

Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari. Ya juya ta, ya nuna mini wayar wutarta da maɓallin ƙarin murya. Ya ce, "Ɗan samari, duk lasifikar da ka ga tana shan wuta daga bango, amfilifayarta na cikinta. Ita ake kira aktif. Wadda ba ta da wayar wuta, fasif ce, sai an ba ta ƙarfi daga waje." Ya ce mai aktif siginar sauti mara ƙarfi take jira, ita ce za ta ƙarfafa ta da kanta. Ni kuwa na ɗura mata wadda injin ya riga ya ƙarfafa, sai sashen karɓar sautin ya ƙone. Gyaran ya cinye kuɗin da nake tarawa na takalmin ƙwallo.

Kafin in tafi ya ce mini in cire tsohon injin daga lissafi gaba ɗaya, in je in karanta rubutun da ke bayan talabijin ɗinmu.

Da na duba, sai na ga ramukan nan ja da fari an rubuta IN a kansu, wato shigar da sauti suke yi, ba sa fitarwa. A gefe na sami ƙaramin rami mai hoton abin saurare na kunne, mai faɗin milimita 3.5, irin na iyafis. Shi nake nema. Na sayi waya guda, kanta ɗaya siriri, ɗayan ya rabu biyu: ja na dama, fari na hagu. A irin na Yaya amfilifaya na cikin lasifika ɗaya ce, ita ke ciyar da 'yar uwarta ta wata gajeriyar waya. Shi ke nan, aiki ya ƙare. Rimot ɗin talabijin ma shi ke ƙara murya da ragewa.

Idan taku talabijin ba ta da wannan rami, wataƙila ku ga wani mai fitar da jan haske, an rubuta OPTICAL. Sautinsa na dijital ne, sai an sa ƙaramin akwati da ake kira DAC ya juya shi zuwa ja da fari. Ku shiga saitin sauti ku zaɓi PCM, in ba haka ba kuna iya jin shiru ko shuuu kawai. Galibi a wannan hanya daga jikin lasifikar ake ƙara murya.

Na ajiye ɗaya a dama ɗaya a hagu, daidai tsayin kunnen mai zaune a kujera, na ɗan karkato da su zuwa tsakiyar falo. Na kuma koyi rage murya kafin in kunna, lasifikar ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ita ce ta farko wajen kashewa.

Abu mafi wuya shi ne kiran Yaya. Na faɗa masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce in mayar masa da su lafiya idan ya dawo, kuma in riƙa tambaya kafin in taɓa kayan mutane.

Daren nan Kaka ta fito ta zauna a tabarmarta. Da mai labarai ya fara magana sai ta ce, "Kai, rage mana, ai ba kurma ba ce ni."