Ɗan kwikwiyon da na ɗauko daga Argungu

1/ Hutun da ya wuce na je Argungu wurin kawuna, na dawo Birnin Kebbi da ɗan kwikwiyo cikin kwali. Satinsa takwas. Inna na ganinsa ta ce, "Mi za ka yi da kare? Ba dai cikin gidana ba."

2/ Baba ne ya raba gardama. Da damina an sace mana awaki biyu, don haka ya yarda a ajiye shi don gadi. Amma da sharaɗi: kwanansa wajen awaki, kwanonsa daban, kar ya kusanci inda ake salla.

3/ Ni na fara kwafsawa. Kwana uku ina ba shi ragowar dafa-duka, albasa fal a ciki. Sai ya daina ci, ya kwanta lakwas. Likitan dabbobi ya ce albasa na lalata jinin kare, ɗanya ko dafaffa. A jihar da Aliero take fa! Wace tukunya ce babu albasa? Wallahi daren nan ban yi barci ba.

4/ Ya warke. An ba shi maganin tsutsa, kullum ina duba kunnensa saboda kaska. Da ya cika wata 3 aka yi masa allurar haukan kare, saboda ƙannena ba sa rabuwa da shi.

5/ Yanzu na koma makaranta. Jiya ƙanwata ta ce Inna ce ke sauya masa ruwa idan rana ta take. Har yau dai "abin nan naka" take kiransa.