Koyar da Zane a Tsakiyar Teku

Abokan karatuna sun sha tambayata yadda na yi zaman yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda aka fara a Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba. Amsar ita ce, wata shida daga ciki na yi su ne a wani jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido a tekun Bahar Rum, ina koyar da zane, sana'ar da na gada a gidanmu a Ibadan. Da kuɗin da na tara nake biyan kuɗin makaranta.

Mai karatu kada ya ɗauka hutu na je. Ɗakin fasinja yana sama, yana kallon teku. Namu na ma'aikata yana can ƙasa, ba taga, mu biyu a ciki, gado bisa gado. Kowane mako kuma sai mun yi atisayen kashe gobara da na ficewa daga jirgi.

Ranar da muka tsaya a Basalona ko Jenowa ko Malta, fasinjoji sukan fita gari, aji ya zama wayam. Ranar aikina ita ce wadda jirgi zai wuni yana tafiya. Tun da safe nakan jera takardu da buroshi da fentin ruwa, in manne kowace takarda a tebur, in zuba ruwa rabin kofi kawai, domin idan igiyar ruwa ta taso, cikakken kofi ɓarna yake yi. Yawancin ɗalibaina tsofaffi ne da suka yi ritaya, wasu rabonsu da zane tun firamare. Kowa teku yake son ya zana, kuma kowa shuɗi yake ɗauka. Sai in ce su leƙa taga tukuna. Nan za su ga kore da ruwan toka, har da ja idan rana za ta faɗi. Abin da ke damuna shi ne, kwana bakwai ne zagayen. Da hannun mutum ya fara faɗawa, sai ya sauka, wasu su hau.

Babban tsorona shi ne kada Hausata ta zube, tun da a aji na koye ta. Sai Allah ya haɗa ni da wani mai dafa abinci, ɗan zangon Kumasi. Ya ji ina karanta littafina da ƙarfi a ɗakin cin abinci, ya ce, “Ƙanena, wa ya koya maka Hausa?” Daga ranar kullum dare sai mun yi hira. Na lura idan yana maganar matarsa yakan ce “ya tafi kasuwa”. Da na tambaye shi, sai ya yi dariya ya ce, “Haka muke faɗa a zango. Hausarka ta littafi ce.” Na cika rabin littafin zanena da kalmominsa, kuma a kansu nake son in rubuta kundin digirina.