Hular Kawu da Ramin Akuta

A ɗakin Kawu, can cikin gidanmu na Matamaye, akwai wata hular kwano mai fitila a goshi, rataye da ƙusa. Fitilar ta daɗe da mutuwa, amma ba yaron da ya isa ya taɓa hular. Da ita ya yi shekaru yana shiga ramin yuraniyom na Kominak a Akuta, kusa da Arlit.

Muna yara, dawowarsa hutu sallah ce ta uku a gidanmu. Daga Arlit sai Agadas, sai Tanut, sai Damagaram, ya iso mana fari fat da ƙura, buhu cike da dabino da cuku da sukari mai kai. Wata shekara ya zo da rediyo mai kaset, maƙwabta suka yi mako suna sallama. Da dare sai a shimfiɗa tabarma, Inna ta kawo rake an feɗe, mu kewaye shi.

"Kawu, wai da gaske mota na tafiya a ƙarƙashin ƙasa?"

"Kai yaro, gari guda ne a can ƙasa, har da mararraba. In ba ka san hanya ba, ɓata za ka yi."

Mu da zurfin da muka sani bai wuce na rijiyar garka ba, sai mu kalli juna. Ashe bai ƙara gishiri ba: ramin ya kai zurfin mita 250, hanyoyin cikinsa kuma sun haura kilomita 200. Ya kan ba mu labarin Akokan, unguwar ma'aikata, inda lantarki ke kwana a kunne, ruwa na zuba a famfo cikin gida, mu kuwa muna bitar karatun lakwal da fitilar kwai. A lokacin, in aka ce wane yana aiki Arlit, ba a ja masa rai wajen neman aure.

An kafa kamfanin Kominak a 1974, ya fara fitar da yuraniyom a 1978, aka rufe ramin ranar 31 ga Maris 2021 bayan an ce arzikin ya ƙare. Kimanin tan dubu 75 aka kwasa a tsakani. Ranar da labarin ya fito a rediyo, Kawu na garkarsa, ya daɗe da yin ritaya. Ya jingina da fartanya ya ce, "To, Allah Ya sa su rufe shi yadda ya kamata." Ban gane nauyin maganar ba sai daga baya.

Domin abin da aka kwasa kaɗan ne a kan abin da aka bari. Dusar dutsen da aka tace ta taru tsauni guda a gefen gari, wajen tan miliyan 20, kuma tururin da take fitarwa ba ya wari, ba ya launi, ba kuma ya gushewa a rayuwar jika ko tattaɓa-kunne. Shirin da aka sanar shi ne a toshe bakin ramin, a rushe masana'anta, a lulluɓe tsaunin da yumɓu da dutse kaurin mita 2, aikin shekara 10 a kan kuɗi wajen sefa biliyan 95, sannan a ci gaba da awon ruwa da iska. Tun kafin nan, ƙungiyar Aghir In'man ta Almustafa Alhasan da masu awo na CRIIRAD daga Faransa sun sha yin kuka kan ƙarafan da ke fita daga wuraren haƙa zuwa kasuwa, Greenpeace ma ta auna tururi mai yawa a wasu titunan Akokan a 2009. Da na ji haka, sai da na yi wa tsohuwar hular nan wani irin kallo, Allah Ya yafe mini.

Su Faransawa, waɗanda kamfaninsu Orano ya gudanar da ramin, sun san wahalar irin wannan shara a gidansu. Kafin su sa injin nukiliya a jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, sun fara gina samfurinsa a tudu, a Kadarash, ya soma aiki a 1964. Jirginsu na farko mai irin wannan injin, Le Redoutable, da ya gama aiki a 1991, yanke sashen injin aka yi aka ajiye daban, aka mai da gangar jikin gidan tarihi a Sherbur, inda 'yan makaranta ke shiga kallo tun 2002. Wanda ya iya wannan tsantseni a bakin tekunsa bai da uzuri a bakin hamadarmu.

Yanzu dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnati da kamfanin Orano, har an mai da Somayir, ɗaya kamfanin yuraniyom na Arlit, mallakar ƙasa a watan Yunin 2025. Ba wannan takaddamar ce ta dame ni ba. Yaran da suka taso a Akokan, ciki har da 'ya'yan Kawu biyu, ruwan wurin suka sha, wasu kuma suna sha har yau. Ina roƙon hukumomi a Yamai, ko wa ya ci wannan takaddama, kada a bar tsaunin Akuta rabi a lulluɓe, kuma sakamakon awon ruwa a riƙa karanta wa mutanen Arlit shi a rediyo, da Hausa da Tamashek.